Bishiya Ɗaya, Shekara Ɗaya: Yadda Ake Ɗaukar Hoton Juyawar Lokaci

Kusan duk matashin da ya fara riƙe kyamara, hoton farko da yake kawo mana da alfahari na faɗuwar rana ne. Sama ta yi ja, giginya ta yi baƙi a gefe, ya rubuta a ƙasa cewa hoton yana magana ne a kan shuɗewar zamani. Kyau kam akwai shi, amma lokaci bai fito ba, yammaci ɗaya aka gani. Mako na gaba yana bakin dam, na gaba da shi yana kan dutse, shekara ta ƙare ya tara ɗaruruwan hotuna da ba su san juna ba. Na maimaita gyaran nan da baki har na ga gara in rubuta shi.

Ido ba ya gane canji sai ya samu abin da bai canja ba ya auna da shi. Saboda haka mai son lokaci ya fito a hotonsa, shi ne zai daina yawo. Ya tsayar da wuri, ya tsayar da kyamara, ya tsayar da sa'a, ya bar duniya ta yi motsin. Hiroshi Sugimoto, mutumin Japan, ya fara ɗaukar teku a 1980, kuma ya shafe shekaru yana yi ba tare da ya sauya tsari ba: baƙi da fari, rabi sama rabi ruwa, layin da ya raba su a tsakiya cif, babu jirgi babu mutum. Tambayar da ta dame shi ita ce ko akwai abin da mutumin yau zai kalla ya ga daidai abin da mutanen farko suka gani. Dawwama dai ta Allah ce, ba abin da kyamara za ta kama ba ne. Iyakar ƙoƙarinmu mu nuna abin da yake tafiya ya dawo, da abin da ya riga mu zuwa kuma za mu tafi mu bar shi.

Mu a nan ba mu da teku, amma muna da damina da kaka da hunturu da bazara, kowace da launinta, babu mai kama da wata. Aikin da zan bayyana shi ne bin bishiya ɗaya har shekara ta zagayo, da rana da kuma dare.

Kayan aiki

- Kyamara mai saitin hannu, wadda ake juya ta zuwa M. Waya ma ta wadatar idan tana da sashen Pro, amma kada a sauya ta a tsakiyar shekara.
- Ƙafar kyamara mai ƙafa uku, mai nauyi. Mai araha da iska ke kaɗawa ɓata aiki take yi.
- Rimot, zai fi kyau mai ƙidayar lokaci da kansa.
- Batir 2 ko 3, da memori na biyu.
- Igiya doguwa, turaku uku na ƙarfe, sanda, da salatif baƙi.
- Kamfas, na cikin waya ya isa.
- Littafin rubutu da biro.
- Abin hura ƙura na roba, ƙyalle mai laushi, leda mai kauri.
- Tocila, da takalmi rufaffe.

1. Zaɓi bishiyar da za ta yi maka magana

Yawanci a nan ake faɗuwa. Sai mutum ya zaɓi darbejiya ko mangwaro don sun cika ido, ya manta cewa kusan kamarsu ɗaya a watan Janairu da watan Agusta. Ka nemi wadda take tuɓewa ta sake sa kaya.

Kuka tana cikin na gaba. Da rani tsirara take, sai 'ya'ya suna reto. Da ruwa ya matso ta yi ganye, ta fitar da farin fure mai rataye wanda yake buɗewa da almuru, jemagu su zo masa. Sai dai ka lura, kukar da ke kusa da gida ba a barin ganyenta, ana yaɗe shi don miya, kuma wannan ma wani zagaye ne da za ka iya nunawa in ka so.

Ni dai in an bar ni da zaɓi, gawo zan ce. Shi ne bishiyar da ta saɓa wa kowa: da damina ta kankama, lokacin da ko'ina ya yi shar, shi kakkaɓe ganyensa yake yi ya tsaya fari fat da ƙaya, da ruwa ya ɗauke ƙasa ta fara bushewa, sai ya yi kore. Shi ya sa manomi ba ya sare shi, don ba ya yi wa gero inuwa a lokacin da gero ke son rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Da rani yana zubo 'ya'ya masu lanƙwasa, shanu da awaki su taru a gindinsa. Duba abin da wannan yake ba mai hoto. A firam ɗaya kana da zagaye biyu masu tafiya a saɓanin juna: ƙasa kore sama busasshe a Agusta, ƙasa busasshiya sama kore a Fabrairu. Mai kallo ko bai san komai game da fasahar hoto ba zai tsaya. A ƙasar Damagaram, inda manoma suka yi ta rainon gawo a gonakinsu tun shekarun 1980, ba sai ka wahala wajen nema ba, haka ma a gonaki da yawa na Katsina da Jigawa.

Sharaɗi na ƙarshe, kuma shi ya fi kashe irin wannan aiki: bishiyar ta kasance kusa da kai. Wadda za ka iya isa gare ta da ƙafa ko da keke ta fi wadda sai ka shiga mota. Mako 52 ba wasa ba ne, kuma ranar da kuɗin mai ya yi wuya ita ce ranar da za ka fara tsallake.

2. Nemi izini kafin ka buɗe jaka

Kowace gona da mai ita. Ka same shi, ka gaishe shi, ka gaya masa abin da kake so, ka nuna masa irin hoton. Ka je wurin mai unguwa shi ma, in akwai 'yan sintiri a sanar da su, musamman tunda akwai aikin dare a gaba. A halin da ake ciki, baƙo mai kafa ƙarfe a gonar mutane duk mako yana auna ƙasa da igiya, ko dai a ɗauke shi mai leƙen asiri ko mai shirin cin fili. Ka nisanci barikin soja, shingen jami'an tsaro da manyan gadoji. Ka kuma roƙi mai gonar ya sanar da kai in za a sassabe rassan don dabbobi. Idan ya yarda ya shiga hoton lokacin huɗa ko girbi, riba ce. In bai so ba, ka bar shi.

3. Kafa wurin tsayuwa

Ka yi zagaye biyu ko uku a gindin bishiyar kafin ka yanke shawara, domin inda ka tsaya yau nan za ka tsaya har baɗi. Ka bar sarari sama da kanta da gefenta, don hadari da hazo da tsuntsaye su samu wurin shiga. Ka bar ƙasa ta ci kamar kashi ɗaya cikin uku na hoton.

Ga tarkon da sabon shiga ba ya gani idan ya fara da rani: fili fetal ne, sai ya tsaya a tsakiyar gona. Watan Satumba na zuwa gero ya fi shi tsawo, ba ya ganin komai sai zangarniya. Ka tsaya a kan tudu, ko bakin burtali, ko iyakar gona inda ba a shuka.

In ka samu wurin, ka buga turke a ƙarƙashin kowace ƙafa ta kyamara. Kada ka dogara da turakun kaɗai, garmar shanu za ta tone su ko yara su cire. Ka ɗaura igiya daga gindin bishiyar zuwa inda kake, ka ƙulla. Ka sake aunawa daga wani abu na biyu da ba ya motsi, dutse ko bakin rijiya, ka ƙulla. Inda ƙullin biyu suka haɗu nan ne wurinka ko da an share komai. Tsawon kyamara daga ƙasa kuma ka yanke shi a jikin sanda. Idan gilashin kyamarar mai zuƙowa ne, ka naɗe shi da salatif yadda ba zai juya ba. Hoton farko ka wanke shi a takarda ka riƙa yawo da shi, kowane zuwa ka duba kusurwoyi huɗu: reshen da ya taɓa gefen dama a ranar farko, shi zai taɓa shi kullum. Kuskuren taku ɗaya ba ya ganuwa a fili, sai ranar da ka jera hotunan ka ga bishiya tana tsalle daga wannan zuwa wancan.

4. Tsayar da rana da sa'a

Ka zaɓi yini ɗaya a mako da sa'a ɗaya, misali Asabar ƙarfe 7:30 na safe. Da agogo za ka yi aiki. Kada ka ce "bayan Asuba" ko "kafin Magariba", domin lokutan salla suna bin rana ne, suna matsawa, kuma a wajen Kano tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta ta kusa awa ɗaya da rabi.

Game da fuskantarwa, ka sa kyamara ta kalli arewa ko kudu, don hasken safe ya zo daga gefe ya fito da jikin bishiyar. Mutane da yawa sun ɗauka rana daga wuri ɗaya take fitowa kullum. A'a. Wajen 21 ga Yuni tana fitowa kimanin digiri 24 arewa da gabas, wajen 21 ga Disamba kuma kimanin digiri 24 kudu da gabas. In ka fuskanci gabas da safe, wasu watanni rana za ta shigo maka cikin gilashi ta wanke hoton. Daga gefe kuwa, wannan matsawar za ta zama inuwa mai sauya kwanciya wata bayan wata, abin da ake nema ke nan.

Wanda ya zaɓi tsakar rana yana da wata garaɓasa. Kano tana kan digiri 12 arewa, don haka rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. A ranakun nan inuwa takan shige ƙarƙashin bishiya ta laɓe. Tsakanin ranakun biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara kuma arewa. Mai hoto a Ingila ko Jamus ba zai taɓa samun wannan a gida ba.

Kalandar da za ka bi ta rana ce, don ita take tafiya da damina. Shekarar Hijira kwana 354 ce, tana gaba da kimanin kwana 11 duk shekara. Wannan ma aiki ne ga mai tsawon rai: wanda ya ɗauki bishiya ɗaya kowace safiyar Ƙaramar Salla, cikin shekara 33 zai ga Sallar ta ratsa damina da hunturu da bazara ta dawo inda ta faro.

5. Kulle saiti

Ka sa kyamara a M. Faɗin ido f/8, ISO 100, kaifin hoto ka saita shi da hannu a kan gindin bishiyar ka bar shi. Abu ɗaya kawai za ka riƙa taɓawa, tsawon lokacin da ƙofar haske take buɗe, gwargwadon hasken ranar. Ka ɗauka a RAW in kyamarar tana yi.

Mafi muhimmanci shi ne ma'aunin launi. Ka cire shi daga saitin da kyamara ke yi da kanta, ka ajiye shi a na hasken rana, wajen 5500K. In ka bar mata, za ta ga ruwan ƙasa-ƙasan hunturu ta ɗauka kuskure ne ta gyara, ta ga koren marka ta rage shi, a ƙarshe duk watanni su fito launi ɗaya. A waya kuma ka kashe HDR da duk abin da ke ƙawata hoto da kansa. Bayan kowace ɗauka ka rubuta kwanan wata, sa'a, da abin da ka tarar: an yi ruwa jiya, an fara girbi, Fulani sun sauka.

6. Ka je ko ranar ba ta da kyau

Safiyar da hazo ya rufe gari har bishiyar ta zama kamar zanen fensir, sabon shiga yakan ce yau babu hoto ya koma bargo. Wannan ƙurar daga nesa take, yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska take kwaso ta, kuma hotonta na cikin waɗanda jerin ba zai tsaya ba sai da su. Ranar rashin kyau ita take ba ranar kyau daraja.

Amma kowane yanayi da sharrinsa. Da hunturu kada ka cire gilashin kyamara a fili, kuma kada ka goge shi da bakin riga. Ka hura ƙurar tukuna, domin yashi ne, karce gilashi yake yi. Da bazara kada ka bar kyamara cikin rufaffiyar mota. Da kaka ka duba inda kake sa ƙafa, kububuwa tana son tarin kara. Da damina kuma, in hadari ya taso ka ji tsawa, ka naɗe kaya ka bar wurin nan take. Bishiya tilo a fili ga ƙarfe a hannunka, babu hoton da ya kai ranka.

7. Aikin dare

Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, kuma taurari suna iya zana wannan a hoto. Ka zaɓi daren da babu farin wata, daga 27 ga watan Musulunci zuwa 2 ko 3 ga sabo. Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauka, wato ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba.

In kana son da'ira, ka fuskanci arewa. Tauraruwar arewa ba ta kai digiri ɗaya ba daga inda sama take juyawa, don haka ita kusan a tsaye take, sauran suna kewaya ta kamar dabba a turke. Tsayinta daga ƙasa daidai yake da digirin garinku: 12 a Kano, wajen 14 a Damagaram, 17 a Agadas. Ka miƙa hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen kimanin digiri 10 ne, ka ga ke nan ƙasa-ƙasa take sosai. Wannan yana da daɗi, don za ka iya sa ta daidai kan bishiyar; yana da wuya kuma, don ƙura kaɗan ko fitilun gari sun isa su ɓoye ta. In ka fuskanci gabas, layuka za ka samu masu miƙewa sama kusan a tsaye.

Kada ka buɗe kyamara awa biyu a ɗauka ɗaya, hoton zai yi fari ya cika da ɗigo-ɗigo. Ka yi gajeru masu yawa: daƙiƙa 30 kowanne, f/2.8 ko f/4, ISO 800 zuwa 1600, tazarar daƙiƙa ɗaya a tsakani. Awa biyu za ta ba ka hoto wajen 230, ka haɗa su a kwamfuta da manhaja irin StarStaX, kyauta ce. Ka kashe saitin da kyamara take tsayawa ta tace hoto bayan doguwar ɗauka, in ba haka ba layukan za su fito a yanyanke. Kaifi kuma ka saita shi da hannu a kan tauraruwa mai haske. Idan mai babur ya gifta ya haske bishiyar, hoto ɗaya za ka jefar. Kada ka tafi kai kaɗai, kuma kada ka je inda mutanen gari suka ce kada a je.

8. Kyamarar gwangwani

Wannan ita ta fi araha, ita kuma ta fi cin haƙuri. Ka yanke kan gwangwanin lemo, ka huda gefensa da bakin siririyar allura, ƙofa ƙarama ƙwarai. A ɗaki mai duhu-duhu ka lanƙwasa takardar wankin hoto ta baƙi da fari ka zura ciki, fuskarta mai ɗaukar haske tana kallon hudar, ba tare da ta toshe ta ba. Takardar ta yi wuya a kasuwa yanzu, yawanci sai an yi odarta. Ka kifa gindin wani gwangwanin a kai, ka naɗe da baƙin salatif sosai don ruwa da haske, ka ɗaure shi tam a inda ba zai motsa ba, sannan ka buɗe hudar ka tafi. Kullum rana za ta ƙona layi ɗaya a takardar. Ranar hadari layin ya yanke. Daga 21 ga Disamba zuwa 21 ga Yuni za ka samu tafiyarta gaba ɗaya daga kudu zuwa arewa. Akwai waɗanda suka fi haka haƙuri: Michael Wesely ya bar kyamarorinsa a buɗe wajen shekara 2 a dandalin Potsdamer Platz na Berlin daga 1997, kuma gwangwanin da Regina Valkenborgh ta ɗaura a wata cibiyar nazarin taurari a Ingila a 2012 sai a 2020 aka sauke shi, da hotonsa a ciki.

Jagororin Turawa za su ce ka fuskantar da hudar kudu. Wannan don ƙasarsu ne, inda rana take bi ƙasa-ƙasa. A nan tana hawa sama sosai, wata huɗu ma ta arewa take bi. Ka fuskantar da shi gabas ko yamma, da bishiyar a gaba.

In ka sauke, kada ka sa takardar a ruwan wankin hoto, baƙi ƙirin za ta yi. Hoton ya riga ya fito da kansa. Ka sa ta a sikana a ɗaki mara haske sosai, sau ɗaya, domin fitilar sikana tana cin ta. A kwamfuta ka juya launin, ka juya hagu zuwa dama. Gargaɗi babba: gwangwani naɗe da baƙin salatif a jikin falwaya yana iya tayar da hankalin unguwa, wani ya ce bam ne, wani ya ce sammu. A 2015 an rufe babbar hanya a birnin Atlanta na Amurka saboda irinsa da ɗalibi ya ɗaura a gada. Ka ɗaura naka a katangar gidanku ko rumbun mai gonar, da saninsa.

9. Tacewa da jerawa

Ka ajiye kwafi a wuri biyu tun daga makon farko. In shekara ta cika, ka yi wa dukkan hotunan gyara iri ɗaya, kaɗan, ba ƙarin launi. Daga cikin 53 ka zaɓi 13, ka wanke su girma ɗaya, ka rubuta kwanan wata kawai a ƙarƙashi. Na 13 shi ne wanda aka ɗauka a makon da ka fara, bayan shekara. Ka rataye shi kusa da na farko, ko ka jera su su kewaye ɗaki har su haɗu. Idan babu shi, abin da ka nuna tafiya ce daga nan zuwa can. Da shi ne mai kallo zai ga an dawo, ya kuma ga ɗan bambancin da ya rage, reshen da ya karye ko yaron da ya ƙara tsawo.

Ba sai ka jira farkon shekara ba, kowane mako ana iya farawa. Gwangwani ne kaɗai yake da ranarsa. Ka je ka gaida mai gonar a makon nan, ka tafi da igiyarka.